Liyarin Inna Hapsatu

Ni baduku ne. Sunana Sabo, a Birnin Kudu aka haife ni, kuma a rumfar da ubana ya zauna nake zaune har yau ina ɗinkin fata. Ban taɓa cin amanar kowa ba. Na fara da wannan ne domin an yi damina guda cur ana nuna ni da baki a kasuwa, wai na cuci tsohuwa, kuma har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina.

Tsohuwar ita ce Inna Hapsatu ta Gwaram. Mijinta marigayi shi ke kawo wa ubana fatun awaki, in ya shigo gari a zaurenmu yake sauka, saboda haka tun ina ƙarami Inna nake ce mata. Tana da liyari goma sha biyu, irin kuɗin azurfar nan da fatake ke zuwa da shi daga Borno, mai surar wata mace mai ƙiba a gefe ɗaya, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Nata ba na kashewa ba ne. Maƙeri ya yi wa kowanne kunne, ta zura su a zare, da su take ado tun tana amarya. A shekarun da mutanen Ningi suka matsa da hari, kowa na neman inda zai kai abin da yake ji da shi, sai ta raba su biyu don kada rana ɗaya ta tafi da su duka. Shida ta ba ɗanta Bappa, mai shanu a Fagam. Shida ta kawo mini da ƙafarta, ta ce ni ɗan gida ne.

To ga abin da na yi, kowa ya auna da hankalinsa. Ban ƙunshe su a tsumma ba. Na je wurin majemi na zaɓi fatar da ta fi kowacce laushi, sabuwa fil, ko warin jima bai sake ta ba. Na rina ta ja da karan dafi, na yanka zabira, na jera liyarin ɗaya kan ɗaya a ciki, na ɗinke bakin da basilla. Kwana uku na yi a kanta, aikin da ban taɓa yi wa wani attajiri ba. Na rataye ta can sama a ɗakin matata Kulu, inda ba mai shiga sai ni da ita. A ɗakin take hura wuta lokacin sanyi, a nan kuma take rufe kalwarta in za ta yi daddawa. Damina biyu zabirar na rataye ban kwance ta ba. Haka muka tashi muka gani: in an ba ka ajiya ka rufe, ba ka leƙa ta, mai ita ne zai fara gani. Kulu ta taɓa cewa in sauke ta ta sha iska, na ce mata ba tawa ba ce balle tata.

Da hanya ta ɗan yi lafiya, gab da faɗuwar ruwa, Inna ta aiko tana son kayanta. Na ɗaura zabirar a ƙugu na tafi, na kwana a hanya, na isa Gwaram da hantsi. A zauren gidanta na tarar da Bappa ya riga ni zuwa. An kira limamin unguwa ya zama shaida. Akwai kuma Maikuɗi, wani falken kanwa da ba wanda ya gayyace shi, amma ba a taro a Gwaram ba da shi ba.

Bappa ya fara. Wani tsohon gora ya ciro, ya zare toshin, ya zazzage a faifai, sai toka da liyari. Ya hure su, suka fito farare tas kamar nono. Yana dariya yana ba da labarin cewa shi ya ma manta inda ya cusa goran, sai da ya tona wuri uku a ƙarƙashin rumbu kafin ya same shi. Kowa ya ce madalla.

Sai aka zo kaina. Na miƙa zabirar, liman ya juya ta yana yaba ɗinkin, ni kuwa ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sa wuƙa na yanke zaren, na zuba su a gaban Inna. Biyu baƙaƙe ne wuluk kamar gindin tukunya. Sauran huɗun sun yi wani irin launi, shuɗi da ja-ja da rawaya duk a cakuɗe. Ni kaina kallon su nake kamar ban taɓa ganin su ba.

Maikuɗi ne ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce shi ya je Kukawa, can ƙasar Borno, sau uku, azurfa ta wuce ta hannunsa fiye da yadda tsaba ta wuce ta hannun wasu, kuma azurfar gaske ba ta haka. Wannan dalma ce da tagulla. Bappa ya daina dariya, ya dube ni.

"Malam Sabo, ina na Inna?"

"Ga su nan a gabanka."

"Waɗannan naka ne. Nata nake tambaya."

Da ba don liman ya riƙe mini riga ba, da abin da zai faru a zauren nan ba shi da daɗin faɗi. Na ce su auna a hannu, nauyinsu ɗaya da na Bappa. Na jefa ɗaya a kan dutsen niƙa ya yi ƙara mai tsawo irin ta azurfa. Maikuɗi ya ce ai masu algus na birni sun san yadda ake sa dalma ta yi kuka. Na juya wajen Inna. Idonta ya yi rauni, sai shafa su take da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce komai ba. Shirun nan nata ya fi mini zafi da maganar su biyun.

A nan na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Na ce a kawo mini tsamiya da toka, yadda Kulu ke wanke zobenta. Na durƙusa a gaban mutane, ni mai furfura a gemu, ina dirzar ɗaya daga cikin liyarin kamar wanda aka kama yana roƙon a sake shi. Ya fito fari ƙal. Na ɗauka magana ta ƙare. Maikuɗi ya ce to ga shi nan, haka dai suke faranta shi kafin su kai kasuwa, kwana uku zai koma baƙinsa. Bappa ya ce shi nasa ba su nemi wanka ba. Na ce to a kira maƙeri ya raba ɗaya biyu kowa ya ga cikinsa. Sai a lokacin Inna ta buɗe baki, ta ce ba mai sa ƙarfe a kan abin da mijinta ya ba ta tana da rai.

Na zauna ina huci ina kallon faifan, sai idona ya kama wani abu. Baƙaƙen nan biyu su ne na sama da na ƙasa, kuma kowanne fuskar da ta jingina da fata ce ta yi baƙi, ɗaya fuskar da sauran haske. Na tsakiyar kuwa, inda suka haɗa fuska da juna, cibiyarsu fara ce, launin duk a baki-baki yake, inda fata da iska suka same su. Na ce musu fatar ce ta yi wannan aiki. Maikuɗi ya yi dariya har da buga cinya, ya ce yau ya ga baduku na zagin fatarsa da bakinsa don ya tsira.

Na ce ba tsira nake nema ba, gwaji nake so. A ɗauki ɗaya cikin fararen nan na Bappa, a ɗinke shi a guntun wannan zabirar, a rataye a ɗakin girkin Inna sama da murhu, kada kowa ya taɓa sai kaka. In ya fito fari, su kira ni ɓarawo a duk kasuwar da suka ga dama, ba zan ɗaga kai ba. In ya juya, a wanke ni a gaban mutane. Bappa ya ce ya yarda, azurfa ce, ko a bakin kura aka rataye ta haka za ta fito. Inna ta lalubo ɗaya ta ce wannan za a sa, ta san shi ko a duhu, akwai ɗan lotsi a gefensa inda Bappa ya gatsa yana fitar da haƙori. Na ɗinke a gabansu, liman ya zagaye da zarensa ya ƙulla irin ƙullin da ya ce zai gane. Nawa shida kuma ya naɗe su a farin ƙyalle ya tafi da su gidansa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni, domin Maikuɗi ya biyo da jakunansa ta Kiyako ya shigo garinmu yana sauke kanwa yana sauke magana. Maƙwabcina Ɗan'azumi, wanda muka yi kaciya rana ɗaya, ya zo ya karɓe sirdin da ya ba ni gyara, ban ko gama ba, wai ya tuna yana da tafiya. Mutumin da ba shi da doki a lokacin. Malaman da ke aiko mini da layu in ɗinke suka koma wurin wani yaron jiya da ɗinkinsa ke warwarewa kafin wata uku, don kada in buɗe in canza abin da ke ciki. A masallaci ana ba ni hannu, amma gaisuwar ta gajarce. Kulu ta je rijiya wata ta tambaye ta ko yanzu za ta fara sa mundayen azurfa. Ta dawo ta ajiye tulu, sai da na matsa mata sannan ta faɗa mini.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Mutum ya cusa kayan uwarsa a tsohon gora, ya tura ƙarƙashin rumbu, ya manta da su har sai da ya tona wuri uku, shi ne mai amana. Ni da na ɓata kwana uku ina ɗinki, na hana matata ko taɓawa, ni ne ɓarawo. Kuma wanda ya yanke hukuncin falken kanwa ne da bai san bambancin fatar akuya da ta tunkiya ba.

Tunda aiki ya ragu, sai na karɓi zoben Kulu na azurfa na shiga gwaji da kaina. Na naɗe shi a sabuwar fata na ajiye kusa da kwandon daddawa, ruwa na sauka, ɗaki ya yi laima. Kwana goma ya yi rawaya, kwana ashirin ya fara shuɗi. Na dirje shi, na binne a busasshiyar toka cikin gora na toshe, wata guda ya fito yadda ya shiga. Na sa shi a ƙoƙo ɗaya da ƙwan da kaza ta ƙi ƙyanƙyashewa, na fasa ƙwan, yini ɗaya ya yi baƙi. Ashe abin a fili yake. Laima da hayaƙi da duk wani abu mai irin warin nan su ke cin fuskar azurfa, fata sabuwa kuwa da kashin kaji ake jiƙa ta a majema, warin na cikinta ko an rina. Toka busasshiya ba ta barin laima ta kai gare ta. Na kai wa Ɗan'azumi zoben ya gani, ya ce shi bai ƙi ba, amma gwajin da aka yi a gidan wanda ake zargi ba shaida ba ne. Kulu kuma ta ce in ba ta zobenta tun bai ƙare a dirza ba.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Fatar da na ɗinke liyarin Bappa a ciki ta shekara biyu, warinta ya ragu, kuma wata huɗu ba damina biyu ba ne. In ɗakin girkin Inna ya fi na Kulu shan iska fa? Na riga na ba su izini da bakina su kira ni ɓarawo. Duk ranar da aka yi ruwa mai yawa sai in ji sanyi a raina, in an yi kwana biyar ba ruwa sai in kasa zama.

Da aka yanke gero na koma Gwaram. Zauren nan dai, mutanen nan dai, har da ƙari, domin labari ya bazu. Liman ya sauko da ƙullin da kansa, duk ya yi kunkunniya, ya duba zarensa ya ce ba a taɓa ba. Na ƙi yankewa, na miƙa wa Bappa wuƙar na ce ya buɗe da hannunsa. Ya buɗe. Fuskar liyarin ta koma kalar zuma, gefensa ya zagaye da shuɗi da ja-ja irin na wuyan tantabara. Inna ta karɓa ta shafa, ta sami lotsin, ta ce shi ne. Liman ya kwance farin ƙyallensa, ga wanda na dirza nan da haskensa, wanda aka ce kwana uku zai koma baƙi.

Bappa ya juya nasa, ya sake juyawa.

"Ai bai kai naka baƙi ba."

"Nawa damina biyu suka yi, naka ɗaya. Mayar da shi mu haɗu baɗi, ni ba na sauri."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Maikuɗi ya gyara zama ya ce shi daman tun farko ya faɗa, akwai irin azurfar da ke yin haka, ya gani a Kukawa. Na ce masa in ya sake ambaton Kukawa a gabana zan ɗinke masa baki kyauta, da fata mai kyau. Liman ya ce to alhamdu lillahi, gaskiya ta fito, kowa ya yafe wa kowa a tashi.

Na ce ban tashi ba. Ba a wannan zauren sunana ya ɓaci ba, a kasuwar Birnin Kudu ya ɓaci, a bakin rijiya da ƙofar masallaci. Mutum goma sun ga an wanke ni, gari guda ya ji an ce na yi sata. Wanda ya zarge ni ya biyo ni ya faɗa a can. Bappa ya ce shanu na jiransa, kaka ce, manoma ba su gama kwashe amfani ba, in ya yi nisa za su yi ɓarna. Maikuɗi ya ce shi gabas ya nufa. Liman ya fara ba ni haƙuri, sai Inna ta katse shi.

"Bappa, ɗaura wa jakar nan akumari."

"Inna, ina za ki da wannan ƙafar?"

"Inda ka ƙi zuwa. Ni na kai masa ajiyar, ni kuma na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana."

Kwana uku muka yi a hanya saboda ita. Ranar kasuwa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin rumfata, ta zauna da liyarin nan goma sha biyu a wuya, ta zura su a zare ɗaya: biyar farare, ɗaya kalar zuma, biyar masu duhu, da wanda na dirza. Duk wanda ya tsaya sai ta kira shi ta ce ya matso ya gani, ta ba shi labari daga gora har murhu, ba ta rage wa ɗanta komai ba. Wanda bai tsaya ba ma sai ta aika a kira shi. Matar nan ta bakin rijiya ta zo wucewa, Kulu ta nuna ta da ido, Inna ta tsare ta ta ba ta labarin sau biyu. Tun hantsi har la'asar tana abu ɗaya, muryarta ta dishe, Kulu na ba ta ruwa.

Kafin ta koma na ce ta kawo in wanke mata masu duhun, tsamiya kaɗan ce. Ta rufe su da hannu ta ce a bar su haka, ta nan take gane waɗanda aka kula da su.

Bayan kwana biyu Ɗan'azumi ya dawo da sirdinsa, ya ce tafiyar ta fasu. Na karɓa na rataye, sai da ya yi wata biyu yana zarya kafin na taɓa shi. Layu suka dawo, gaisuwa ta koma tsawonta. Ba wanda ya ce mini ya yi kuskure, kowa ya nuna shi daman bai yarda ba, har na rasa su wane ne suka cika kasuwa da maganar. Bappa ya aiko da fatun awaki huɗu ba tare da saƙon baki ba. Na karɓa, fatu ne masu kyau, amma ba su ne abin da na nema ba, kuma na gaya wa ɗan aiken ya faɗa masa haka.

Yanzu in wani ya zo yana son zabirar ajiye azurfa, sai in ce ya tafi ya nemi gora da busasshiyar toka, ya nisanta da murhu da daddawa, ya kuma riƙa buɗewa yana dubawa ko da ajiyar wani ce, a gaban mai ita in ya samu. Wasu na ganin na ƙi ciniki. Su suka sani.

Inna ta rasu bayan shekara uku, liyarin na wuyan jikarta. Na gan su bara da na je Gwaram sayen fata. Masu duhun ba su dame ni ba, har kyau suka yi mini. Wanda na kasa kallo shi ne farin nan da ke tsakiyarsu, wanda na durƙusa na dirza a gaban Maikuɗi.